Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Riƙe Da Birane: Maganar Cibiyoyin Ciyar Da Masu Kwana A Titi

Assalamu alaikum, ranku ya daɗe.

Zuwa ga magadan gari, ciyamomi, kansiloli da duk wani mai sa hannu a kasafin kuɗin birni, da kuma masu hannu da shuni da ke ba da gudummawa. Ni ɗan sa-kai ne a ɗaya daga cikin cibiyoyin nan na unguwa da ake dafa abinci mai zafi ana ba mutanen da ba su da wurin kwana, aikina bai wuce yanke-yanke da wanke-wanke da zuba abinci ba, wani lokaci kuma in zauna in cike wa mutum fom idan idonsa ba ya gani sosai ko hannunsa na rawa. Ba ni da muƙami a ko'ina. Na rubuto ne saboda akwai maganar da muke ta yi a kicin tsakaninmu kuma na lura ba ta taɓa isowa teburinku yadda muke faɗinta ba, kafin ta iso an riga an wanke ta an goge ta ta koma rahoto mai shafi uku da hoton mutane suna murmushi.

Maganar ita ce: ku daina ɗaukar cibiyoyin nan a matsayin wani aikin alheri da ake tunawa da shi idan biki ya zo ko sanyi ya tsananta, ku sa su a kasafin kuɗi kamar yadda kuke sa fitilar kan titi da kwasar shara. Dalilina kuwa shi ne kwanon abincin nan shi kaɗai ne abin da har yanzu yake iya jawo mutumin da ya yanke ƙauna da kowane ofishi ya shigo da ƙafarsa, kuma idan ya shigo, abin da ya tarar a ciki shi zai yanke hukuncin ko zai bar titi ko a can zai mutu.

Mutuwar nan da na ambata ba don in tsorata kowa ba ne. Hukumar ƙididdiga ta Birtaniya ta fitar da alƙaluman 2021 na Ingila da Wales, ta kiyasta mutum 741 marasa matsuguni sun mutu a shekarar, kuma matsakaicin shekarun da suka mutu a kai 45 ne ga maza, 43 ga mata. Wannan fa a ƙasar da asibiti kyauta ne. Toh ku kwatanta da inda ba a ma ƙirga su, inda za a tsinci gawa da asuba a ɗauke shikenan, babu suna babu takarda.

Bari in fara da abin da mutane da yawa ba su gane ba game da zafin abincin kansa, don akwai masu cewa me ya sa ba za a raba busasshen abinci a leda kowa ya kama gabansa ba, ya fi sauƙi ya fi arha. Wanda ba shi da ɗaki ba shi da murhu, ba shi da tukunya, ba shi da inda zai ajiye, idan ka ba shi ɗanyen hatsi ko dai ya sayar da shi a wulaƙance ko ruwa ya jiƙa shi ko a sace. Sannan wanda ya kwana a kan siminti jikinsa ya kwana yana yaƙi da sanyi, ƙasa tana zuƙe ɗumin jiki fiye da yadda iska ke yi, da safe za ka ga mutum yana magana haƙoransa na haɗuwa, wannan mutumin babu abin da za ka faɗa masa ya shiga kunnensa sai cikinsa ya ɗauka. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Akwai kuma masu shan magani, mai tarin fuka da zai yi aƙalla wata shida yana haɗiyar ƙwayoyi kullum ba fashi, mai ciwon suga da idan ya sha magani ciki babu komai zai iya faɗuwa a hanya, mai taɓin hankali da maganinsa ke sa shi jiri. Duk waɗannan idan sun san ƙarfe kaza akwai abinci a wuri kaza, toh sun samu agogo, maganin ma a nan ake shan sa, kuma idan mutum bai zo ba kwana biyu akwai wanda zai ce wane fa, ina ya shiga.

Wannan tambayar ta "ina ya shiga" ita ce rabin aikinmu wallahi, kuma babu ita a cikin kowane fom da kuke aiko mana. Fom ɗinku yana tambaya kwano nawa aka raba a wata, sai mu rubuta, sai a tafa idan lambar ta ƙaru. Amma ranku ya daɗe idan kwanukan sun ƙaru ai alama ce ta mutane sun ƙaru a titi. Ku dubi abin da ya faru a Faransa, wani mai wasan barkwanci da ake kira Coluche ya kafa ƙungiyar ciyar da mabuƙata mai suna Restos du Cœur a 1985 da tunanin abu ne na ɗan lokaci, a sanyin farko suka raba abinci kusan miliyan 8 da rabi, zuwa zangon 2022 zuwa 2023 abin ya haura miliyan 170, har shugaban ƙungiyar ya fito a watan Satumban 2023 ya ce sun kai maƙura, dole su fara mayar da wasu mutane. Babu wanda zai kalli wannan ya ce nasara ce don lamba ta hau. Abin da ya kamata ku riƙa tambayarmu shi ne mutum nawa ne suka daina zuwa saboda sun samu ɗaki, nawa aka yi wa katin shaida, nawa suka gama maganinsu, nawa suka koma wurin danginsu da yardarsu. Waɗannan lambobin ƙanana ne, ba su da kyau a fasta, amma su ne aikin.

Yanzu bari in zo kan kuɗi don nan ne ciwon yake. Gudummawa tana zuwa ne kamar ruwan bazara, lokacin bukukuwa za ka ga kaya har babu wurin ajiya, 'yan sa-kai sun fi masu cin abincin yawa, kowa da wayarsa, bayan sati uku kuma sai ka nemi kowa ka rasa, mu da muka saura mu fara lissafin ko iskar gas za ta kai ƙarshen wata. Yunwa kuwa ba ta san kalanda ba. Sannan masu bayarwa sun fi son su ba da abin da ake gani, buhu, bargo, katan-katan, babu mai son ya ce shi ne ya biya kuɗin wuta ko ya gyara firij ko ya biya albashin mai girki, alhali idan firij ya mutu kwana biyu duk naman da aka kawo ya tashi a banza. Cibiya tana bukatar aƙalla mutum ɗaya ko biyu masu albashi da za su zo ko ana ruwa ko ana iska, waɗanda suka san kowa da sunansa, suka san wanda bai kamata a zaunar kusa da wane ba, suka san yadda ake kwantar da mutum idan kansa ya ɗau zafi ba tare da an kira 'yan sanda ba. Ɗan sa-kai yana da nasa aikin da iyalinsa, yau yana nan gobe an canja masa wurin aiki. Kuma tallafin da kuke bayarwa na shekara ɗaya-ɗaya yana cinye mu, wata uku na ƙarshe ana rubuta takardar neman sabuntawa, ma'aikaci bai san ko yana da aiki a wata mai zuwa ba sai ya nemi wani wurin ya tafi da duk amanar da mutane suka ba shi, sabon da zai zo kuma sai ya fara daga farko, mutumin da ya ɗauki wata shida kafin ya faɗi sunansa na gaskiya sai ya sake rufe baki. Ku ba da na shekara uku ko biyar, ku turo mai bincike ya duba rasit duk lokacin da kuka ga dama, ba ma tsoron wannan.

Wannan tsarin ba sabon abu ba ne balle a ce ƙirƙirar zamani ce. A birnin Ƙudus, Hurrem matar Sarkin Daular Usmaniyya Sulaiman ta kafa gidan ciyarwa a 1552, kuma ba tukwane kawai ta saya ta tafi ba, ta yi masa waƙafi na ƙauyuka da kadarori da kuɗin shigarsu ke ɗaukar nauyin girkin da ma'aikata, kuma har yau ana dafa abinci a wurin bayan shekara sama da 470. Mutanen da suka fahimci cewa murhu sai da abin da zai riƙe shi kenan. A Amritsar ta Indiya, kicin ɗin babban wurin ibadar mabiya addinin Sikh yana ciyar da dubun-dubatar mutane kullum, kowa a ƙasa yake zama a jere, mai kuɗi da mabaraci kafaɗa da kafaɗa, babu mai tambayarka addininka ko asalinka. Birnin Belo Horizonte na Brazil kuma tun 1993 hukumar birnin ta ɗauki abinci a matsayin haƙƙin ɗan gari, ta buɗe gidajen abinci masu rahusa da kowa zai iya shiga, ma'aikaci da ɗalibi da mai kwana a titi duk layi ɗaya, kuma wannan haɗuwar tana da amfani don babu wanda za a nuna a ce ga layin matsiyata can.

A nan nake so in roƙe ku, da ku da mu masu gudanar da cibiyoyin don mu ma muna da namu, a cire sharuɗɗa daga bakin ƙofa. Akwai wuraren da sai ka nuna katin shaida kafin a ba ka abinci, alhali rashin katin yana cikin abin da ya jefa mutum halin da yake ciki. Akwai inda sai ka zauna ka saurari wa'azi ko lacca tukuna, akwai inda idan an ji warin wani abu a bakinka a kore ka, akwai inda sai an ɗauki hotonka kana karɓa. Hoton nan yana ƙona min rai. Mutum yana da 'ya'ya a wani gari da ba su san halin da yake ciki ba, yana da tsohuwar matar da yake jin kunya, wata kuma gudowa ta yi daga mijin da ke dukanta kuma yana nemanta, sai a wayi gari fuskarta tana yawo a Facebook da sunan wani mai kirki ya yi abin kirki. Na san mutanen da suka gwammace su kwana da yunwa da su zo ranar da suka ji manyan baƙi za su zo. Idan dole sai an yi hoto a ɗauki tukunya, a ɗauki hannun mai zubawa. Doka ɗaya ta isa a bakin ƙofa, kada ka cutar da kowa a ciki, sauran kuma a bari sai mutum ya ci ya natsu a yi magana.

Toh idan ya ci ya natsu me zai tarar? Nan ne ku kuke da ikon da mu ba mu da shi. Abu na farko adireshi. Wanda ke zaune a gidansa ba zai taɓa gane yadda rashin adireshi ke ɗaure mutum ba, ba za ka buɗe asusun banki ba sai da adireshi, mai ɗaukar aiki ba zai biya ka ba sai da asusu, mai gida ba zai ba ka haya ba sai ka nuna kana da aiki, katin shaida kuma idan ya ɓata ina za a aiko maka sabo, haka mutum zai yi ta zagaye har ya gaji ya zauna. A Faransa doka ta ba wanda ba shi da matsuguni damar ya yi rajistar adireshi a ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma ko a wata ƙungiya da aka amince da ita, a nan wasiƙunsa za su riƙa zuwa. Wannan ba ya bukatar gini ko kwangila, sa hannu ne kawai da akwatin ajiye wasiƙu. Ku amince cibiyoyinmu su zama adireshin da ofisoshinku za su karɓa, ku kuma turo ma'aikacin yin katin shaida ya zauna da mu ko sau ɗaya a wata da na'urarsa, maimakon mu ce wa mutumin da ƙafarsa ta kumbura ya taka zuwa wancan gefen gari ya bi layi a ce masa ya dawo jibi.

Sai wurin wanka da wanki da akwati mai makulli. Mutum yana ɗauke da duk abin da ya mallaka a bayansa ko'ina zai je, ta yaya zai shiga neman aiki da ƙunshin kaya da bargo, idan kuma ya ɓoye su a lungu ya dawo ya tarar masu shara sun kwashe har da takardun makarantarsa da hoton mahaifiyarsa. Sai soket na cajin waya, don wayar nan ita ce lambar da asibiti zai kira, ita ce mai aikin gini zai kira idan yana neman leburori gobe. Sai nas, ko da sau biyu a sati. Yawancin abin da muke gani ciwon ƙafa ne, gyambon da ya ƙi warkewa saboda mutum yana yini a tsaye da jiƙaƙƙen takalmi, tari, ciwon haƙori, ƙaiƙayi, abubuwan da nas za ta gama da su da ruwan ɗumi da bandeji da magani kaɗan, amma idan aka bari sai sun kai ga motar asibiti da gado na sati biyu, wani lokaci har a yanke ƙafa, kuma wannan kuɗin daga aljihun gwamnati zai fita ko kun so ko ba ku so ba. Kuɗin da kuke ganin kun tsimi ta hanyar hana cibiya tallafi kuna biyan sa a ɗakin gaggawa da ofishin 'yan sanda da gidan yari, sai dai a can ba a rubuta shi da sunan marasa gida shi ya sa ba ya fitowa a lissafi.

Mata kuma dan Allah a yi musu tunani daban. Idan kuka leƙo layinmu za ku ga maza sun fi yawa nesa ba kusa ba sai ku ɗauka matan ba su da yawa a titi, suna nan, ɓuya suke yi, wata ta kwana a tashar mota a zaune kamar matafiyiya, wata a harabar asibiti kamar mai jinya, wata kuma ta koma wurin wanda ke cutar da ita don dai ta samu rufi a kanta. Ba za su shigo ɗakin da maza hamsin ke zaune ba. A ware musu lokaci ko ƙofa tasu, da mace ma'aikaciya, da audugar mata, da wurin da yaro zai zauna ya ci ba a tsorata shi ba.

Akwai maganar abincin da ake zubarwa, wadda idan na tuna ta raina yake ɓaci. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2022 an zubar da abinci tan biliyan 1.05 a duniya tsakanin gidaje da gidajen abinci da kantuna. Idan ka je wurin manajan babban kanti ka roƙi abin da ya kusa ƙarewa zai ce maka yana so amma yana tsoron idan wani ya ci ya yi ciwo a kai shi kotu. Amurka ta yi dokar da ta cire wannan tsoron tun 1996, wanda ya ba da abinci da kyakkyawar niyya ba a kama shi da laifi sai idan ganganci ya yi. Faransa ta wuce nan a 2016, ta hana manyan kantunan da faɗinsu ya haura murabba'in mita 400 lalata abincin da bai lalace ba, ta wajabta musu ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyin agaji. Ko ba ku da ikon yin doka irin wannan kuna da ikon kiran masu kantuna da masu otal-otal ku zaunar da su, kuna da ikon ba mu mota mai sanyi guda ɗaya da za ta zagaya da yamma. Amma a kula, mu ba juji ba ne, abin da ba za ka iya ba ɗanka ba kada ka kawo mana, don muna ɓata lokaci sosai wurin tsince ruɓaɓɓe daga mai kyau sannan mu biya kuɗin kwashe sharar wani.

Jami'an duba-gari kuma muna maraba da su, da gaske nake faɗa. Mutanen da muke ciyarwa jikinsu ya riga ya yi rauni, gudawar da mai gida zai warke daga ita a kwana biyu za ta iya kashe wanda ba shi da banɗaki balle ruwan sha mai tsafta. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya a bayyane take, dafaffen abinci ya zauna da zafi sama da digiri 60, abin sanyi ƙasa da digiri 5, kada a bar dafaffe a fili fiye da awa biyu. Toh ku turo su su koya wa 'yan sa-kai wannan, ku taimaka da ma'aunin zafi da wurin wanke hannu, idan an ga gyara a ba da wa'adi a dawo a duba. Abin da ba ma so shi ne a mai da dokar tsafta ko ta lasisi sandar korar mutane daga tsakiyar gari. A 2014 a birnin Fort Lauderdale na Amurka 'yan sanda sun tuhumi wani dattijo ɗan shekara 90 mai suna Arnold Abbott saboda yana raba wa marasa gida abinci a fili bayan birnin ya yi sabuwar doka, duniya ta yi ta Allah wadai. A 2024 kuma kotun ƙolin ƙasar, a shari'ar birnin Grants Pass, ta ce birane na iya hukunta masu kwana a waje ko da babu gadon da za a ba su. Ni dai tambayata ɗaya ce ga duk mai sha'awar wannan hanyar, wanda aka ci tara ba shi da ko sisi da me zai biya, idan bai biya ba aka rufe shi ya fito da tabon gidan yari wa zai ɗauke shi aiki, kuma daren da ya fito ina zai kwana in ba inda aka kama shi ba.

Na san maƙwabta suna kawo muku ƙara, kuma ba zan ce ƙarya suke yi ba. Akwai hayaniya wani lokaci, akwai masu fitsari a jikin katanga, akwai mai shago da ke ganin layin yana kore masa ciniki. Amma ku duba da kyau za ku ga yawancin wannan daga ƙuncin wuri yake zuwa, idan cibiya ba ta da zauren da mutane za su jira a ciki dole layi ya fito titi, idan banɗaki ɗaya ne ga mutum ɗari dole katanga ta sha. Maganin shi ne wuri mai faɗi da ƙofa a buɗe tun kafin lokacin abinci. Kusan kowane birni yana da gine-ginen hukuma da ke kulle shekara da shekaru, tsohon ofishi, tsohon sito, ajin da aka daina amfani da shi. Mayar da cibiya bayan gari inda sai an yi tafiyar awa biyu a ƙafa kuwa rufe ta ne kawai ba a faɗa ba, don mutanen ba za su je ba, suna nan inda ɗan aikin da suke samu yake.

Duk wannan da na lissafa, in faɗa muku gaskiya, riƙe rai ne kawai. Abin da ke raba mutum da titi ɗaki ne mai ƙofa da makulli a hannunsa. An daɗe ana bin tsarin sai ka daina shaye-shaye, sai ka warke, sai ka nuna hali na gari sannan a ba ka gida, mutane kuma suna ta faɗuwa a matakin farko saboda babu mai iya warkewa a ƙarƙashin gada. A 1992 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Sam Tsemberis ya juya abin a birnin New York, ya ce a fara ba mutum gidan tukuna ba tare da sharaɗin ya warke ba, sannan ma'aikata su riƙa bin sa da taimako har ɗakinsa, kuma aka ga kusan mutum 8 cikin 10 sun riƙe gidajensu, mutanen da da ake cewa ba za su taɓa zaunuwa a ɗaki ba. Kanada ta gwada a birane biyar daga 2009 zuwa 2013 da mutum kusan 2,000 ta ga ya fi tsohon tsari riƙe mutane a gida. Finland ta mai da shi manufar ƙasa a 2008, har wani babban masauki a Helsinki mai gado kusan 250 aka mai da shi ɗakuna 81 kowa da nasa, ƙasar da take da marasa gida kusan 18,000 a 1987 ta dawo ƙasa da 4,000 a 2022. Kuma ku lura da wannan, a 2024, shekarar da gwamnatinsu ta rage tallafin haya, lambar ta sake hawa a karon farko bayan shekaru tana sauka. Wato abin yana bin shawarar da masu mulki suka yanke ne, idan an sa hannu ya sauka, idan an janye ya hau.

Kada kuma a ce ba zai yiwu da sauri ba. A watan Maris na 2020 da korona ta shigo, gwamnatin Birtaniya ta umarci ƙananan hukumomin Ingila su shigar da duk mai kwana a titi ɗaki cikin 'yan kwanaki, aka buɗe otal-otal da babu baƙi, kafin shekara ta zagayo an taimaki mutum sama da 30,000. Waɗanda suka san inda mutanen nan suke kwana, suka san sunayensu, waɗanda idan sun ce "taso mu je" za a taso, su ne ma'aikatan ƙungiyoyi da cibiyoyin da suka shekara suna zuba musu abinci. Shi ya sa nake cewa ma'aikacinku na gidaje ya kamata a ce yana da kujera a zaurenmu, yana zuwa ranar da aka sani, da jerin ɗakunan da ke akwai a hannunsa, ba wai mu riƙa ba mutum lambar waya da ba a ɗauka ba.

Abu na ƙarshe, idan za ku zauna tsara wannan kada ku zauna da mu kaɗai, mu da muke komawa gida mu kwanta a katifa. Ku kira waɗanda suka kwana a waje, na yanzu da waɗanda suka fita, ku biya su kuɗin lokacinsu kamar yadda kuke biyan kowane mai ba da shawara. Su ne za su gaya muku cewa abincin ƙarfe biyar na yamma ba ya isa ga wanda ke aikin lebura har shida, cewa ranar da duk cibiyoyin gari ke hutu rana ɗaya ce don haka akwai yinin da babu abinci ko'ina, cewa mutum ba zai shiga masauki ba idan an ce ya rabu da matarsa a bakin ƙofa, cewa abinci mai tauri ba ya ciwuwa ga wanda haƙoransa suka zube. Mu kanmu a bakinsu muka koyi waɗannan.

Kafin ku rufe kasafin kuɗin shekara mai zuwa muna roƙon abu uku su fito a rubuce: layi na dindindin na kuɗin wuta da gas da albashin ma'aikatan cibiyoyin, takardar amincewa da adireshin cibiya a duk ofisoshinku, da sunan jami'i guda da ke da alhakin wannan aiki wanda za mu iya samu idan mun kira. Idan akwai wanda yake shakka a cikinku ya zo ranar da ba biki ba, ba tare da 'yan jarida ba, ya zauna a benci ya ci abin da ake ci, ya tambayi na kusa da shi me ya hana shi samun ɗaki.

Allah ya yi muku jagora, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Naku,
Ɗaya daga cikin 'yan sa-kai na kicin